Zan iya haɗa kwamfutar tsofaffin wasanni daga tarkacen sibar ɗin kawuna?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Garwa ne, unguwar Yelwa. Kawuna yana da sibar, wato shagon shiga intanet, shekarun baya, tun da waya ta kashe kasuwar ya rufe, injinan na jibge a shago ƙura ta rufe su, yanzu ya ce in kwashe. Na duba na samu Pentium 4 guda uku, Pentium III ɗaya, da ekran (allon kallo) mai doro biyu. So nake in haɗa ɗaya mai kyau in riƙa buga wasannin da muka tashi da su, FIFA 98, Need for Speed II, Vice City da PES 6. Abokina ya ce in sayi RAM giga 4 da SSD in ɗora Windows 10. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Wallahi tambayarka ta min daɗi, don kusan kullum ina ganin ana fasa irin waɗannan injinan ana sayar wa masu awon ƙarfe, alhali da yawansu lafiyarsu ƙalau. Ka gode wa kawu sosai. Amma kafin komai, dan Allah kar ka jona ko ɗaya a wuta tukuna, zan faɗa maka dalili.

Shawarar abokinka da kyakkyawar niyya ya ba ka, sai dai ba ta dace da wannan aikin ba. Windows 10 a kan Pentium 4 ko dai ta ƙi shiga gaba ɗaya ko ta riƙa jan ƙafa, kuma ko ta shiga tsofaffin faifan wasa da yawa ba sa tashi a kanta. Wasan ne ke zaɓar inji. Ka duba jerinka, FIFA 98 da Need for Speed II na 1997 ne, zamanin Windows 95 da 98 kenan, Vice City ya zo kwamfuta a 2003, PES 6 kuma 2006, waɗannan biyun gidansu XP. Zamani biyu kake nema a cikin akwati ɗaya, kuma sa'ar da ka yi Pentium 4 ita ce ta tsaya a tsakiyarsu. Ka buɗe ukun nan ka duba kart-mer ɗinsu, wato babban allon da komai ke jone a kansa, ka nemi wadda aka rubuta Socket 478, mai ramin AGP, wato gajeren ramin nan mai ruwan ƙasa da ke saman fararen ramukan PCI, inda ake sa katin hoto. In ka ci karo da mai Intel 845 ko 865 toh ka gama dacewa, suna da direba, wato manhajar da ke sa Windows ta gane su, na 98 da na XP duka. Injinan ofis da na sibar wasunsu ba a sa musu AGP ɗin ba sam, sai ka ga gurbin kawai a kan allo babu ramin, irin wannan ka ajiye ta gefe ka riƙa cirar kaya a jikinta.

Yanzu maganar wuta, nan ne mutanenmu suka fi yin asara. Ka juya bayan akwatin, wajen alimantasiyon, wato akwatin da ke ba injin wuta, sau da yawa akwai wani ɗan jan makunni da aka rubuta 115 ko 230. Wutarmu 220 ce, dole ya nuna 230. Akwai yaron da ya kawo min injin da yayansa ya aiko masa daga Amurka, yana kan 115 ya jona, ƙara ɗaya ta yi sai hayaƙi, ya zo shago idonsa ya ciko don ko sau ɗaya bai ga hoton ekran ɗin ba. Naku sun yi aiki a nan, amma abin da ya shekara goma a jibge yara na taɓawa, dubawa ba ta cin komai. Bayan haka ka cire alimantasiyon ɗin daga jikin kart-mer ka gwada shi shi kaɗai: ka lanƙwasa 'yar waya ka haɗa koriyar wayar babban filogin da baƙa ɗaya, in fanka ta juya sai ka sa mitar awon wuta a wayoyin, rawaya ta nuna volt 12, ja 5, ruwan lemo 3.3. In lamba na rawa ko ta kauce da yawa ka bar shi, kuma kar ka buɗe cikinsa, yana riƙe wuta ko an cire shi daga soket. Ekran mai doro ma haka, ya ma fi haɗari, in ya samu matsala kai wa mai gyaran talabijin. Sannan ka nemi regilater mai daidaita ƙarfin wuta, in da hali ondiler mai riƙe inji da batir in an ɗauke wuta, don yadda wuta ke ɗaukewa ta dawo da ƙarfi a wajenmu tsohon inji ba ya jurewa.

Sai kondansater, ƙananan gwangwanayen nan da suka kewaye furosesa. Daga wajen 1999 zuwa tsakiyar shekarun 2000 an yi ta fitar da marasa inganci, kuma daidai zamanin injinanka kenan. Haska tocila ka kalli kansu, mai lafiya kansa a shafe yake, wanda ya mutu zaka ga ya kumbura kamar ƙosai a mai, wani har da busasshen abu ruwan tsatsa ya tsattsafo. Injin da ke kashe kansa ana tsakiyar wasa yawanci daga nan ne. Ana canza su, mai gyaran rediyo ma zai iya, a sa mai lamba ɗaya, wanda aka rubuta 105 a jikinsa saboda zafi, a kula da ƙafar da ke da zane kar a juya ta.

Zafin Garwa kuwa kai ma ka sani, Maris da Afrilu sama da digiri 40 a inuwa. Ka ɗaga fankar furosesa ka karanta rubutun da ke kansa don ka san wane samfurin Pentium 4 ne, in ka ga 512 wannan Northwood ne, in ka ga 1M Prescott ne, na 2004, shi kuma zafi gare shi kamar murhu. Ni dai Northwood zan ɗauka ko da lambarsa ta ɗan yi ƙasa. Goge tsohon man da ya bushe ka shafa sabo kaɗan kamar ƙwayar gero biyu. Ƙurar hunturu da ta daskare a ciki ka hure ta da abin hura iska, amma ka danne fanka da yatsa kar ta yi ta juyawa. Batirin agogo, CR2032, ka canza shi kawai, ya riga ya mutu. In ka kunna ya yi ta kuka babu hoto, cire RAM ka goge haƙoransa da abin goge fensir ka mayar, sau tari shikenan.

RAM ɗin mega 512 ya ishe ka. Windows 98 in aka wuce mata haka sai ta fara kuskure har ta ƙi tashi, sai an yi mata gyara a system.ini, XP kuwa da waɗannan wasannin 512 ta wadace su. Kuɗin giga 4 ɗin nan ka kai su wajen katin hoto. Ka zaga shagunan burokant, masu sayar da kayan gwanjo, ka tambayi GeForce4 Ti 4200 ko Radeon 9600 na AGP. FX 5200 ya fi yawa a kasuwa, zai yi maneji amma ba shi da ƙarfi. GeForce4 MX 440 yana da kyau a wasannin 98, sai dai ba shi da pixel shader, wata fasahar zana haske da launi, wasu wasannin 2003 zuwa sama basa karɓarsa.

Faifan ajiya ka tsaya ƙasa da giga 137, 98 bata iya abin da ya wuce nan, IDE mai 40 ko 80 ya yi, in kuma duk sun gaji suna ƙas-ƙas to SSD ɗin abokinka mai 120 da ɗan adafta zai shiga. Raba shi biyu, fara sa 98 a ɓangaren farko, wato C, da tsarin FAT32, bayan nan XP a ɗaya ɓangaren, in ka kunna zai tambaye ka wacce kake so. Ka tanadi kibod da maus masu zagayen kai na PS/2, sannan ka ƙona direbobi a CD tun kafin ka fara don 98 bata gane kile USB, wato filas, da kanta. Kar ka haɗa shi da intanet, tun Afrilun 2014 aka daina yi wa XP gyaran tsaro.

Ekran mai doron nan kar ka yarda kowa ya raba ka da su, waɗannan wasannin don su aka yi, hoton ya fi laushi kuma babu jinkiri tsakanin hannunka da ƙwallo. Pentium III ɗin ma ka adana ta a wuri mai bushewa, in akwai dogon baƙin rami na ISA a ƙasan allonta to injin DOS ce ta gaske, tsarin da ya riga Windows 95, ranar da ka samu katin sauti Sound Blaster 16 zaka ji wasan Doom da sautinsa na asali. Ka rubuto min abin da ke jikin kart-mer ukun nan da lambobin da mita ta nuna maka, sai mu zaɓi wadda za mu fara da ita.