Haƙurin Damo da Ma'anar Kiwo

Wani malamin firamare daga wani ƙauye a ƙasar Ringim ya aiko da tambaya mai rassa biyu. Ɗansa ya kamo ɗan damo a gona, ya ɗaura masa igiya a ƙugu, ya kife shi da tsohon kwando, yana cewa kiwonsa zai yi. Da uban ya hana, sai yaron ya kawo hujja, wai ai damo sarkin haƙuri ne, zaman kwando ba zai dame shi ba. Malamin yana son sanin tushen wannan kirari, da kuma ko abin da yaron yake yi ya cancanci a kira shi kiwo.

Malam, kafin komai ka duba abin da ke ƙarƙashin kwandon, domin yara kan haɗa damo da guza, alhali Bahaushe ya raba su tun da daɗewa. Damo na tudu ne, gajeren kai gare shi da kaurin jiki, launinsa na ƙasa, kuma da wuya ya wuce mita 1. Guza kuwa ɗan fadama ne, siriri mai dogon wuya da ɗigon rawaya a baya, wutsiyarsa a matse take ta gefe domin iyo, yana kuma iya kaiwa mita 2. Wanda ya bi gaɓar kogin Haɗejia ko fadamun Baturiya da hantsi zai iya ganinsa yana shan rana, da zarar ya ji motsi sai ya faɗa ruwa. Idan guza ne yaron ya kamo, to 'yan tsakin gidan suna cikin haɗari tun kafin ya girma.

Kirarin kuwa daga lura ya samo asali. Manomi ya ga dabbar da ke fitowa da damina ta ci fara da gyare da dodon-koɗi da kunama har ta tara kitse, sannan idan rani ya shigo ta shige rami ko suri ta kwanta wata da watanni kusan ba ta cin komai, tana rayuwa da abin da ta tara. Ya kuma ga cewa idan aka ritsa damo yakan kumbura, ya yi huci, ya kai duka da wutsiya, idan duk bai yi ba sai ya sandare kamar matacce. Wannan shirun da wannan juriyar yunwa su ne aka kira haƙuri, aka kuma ɗora kirarin a kan mutumin da ake cuta bai tanka ba. A nan yaron ya kuskure: wanda aka yi wa wannan kirari an shaida cewa ana cutarsa ne, ba a ce ba ya jin ciwo ba. Sandarewar damo a hannun yaro tsoro ne, ba sabo ba.

Reshe na biyu shi ne ya fi jan hankalina. Kalmar kiwo ba ta nufin mallaka, ba ta kuma nufin tsarewa. Muna cewa kiwon shanu, muna kuma cewa kiwon lafiya, kuma babu wanda ya taɓa ɗaure lafiyarsa a turke. Abin da ya haɗa su shi ne kula da abu da ba shi abin da zai tsayu da shi. Makiyayi shi ke bin dabba zuwa inda ciyawa take, ya san lokacin shayarwa, ya san ciwonta. Saboda haka tambayar da za ka yi wa ɗanka ita ce ko ya san abincin damo a watan da fara ta ƙare, da yawan ranar da yake bukata, tunda jikinsa ba ya samar da zafin kansa kuma ƙashinsa kan yi laushi idan aka hana shi hasken rana. Idan bai sani ba, Hausa tana da wasu kalmomi da suka dace da aikinsa, wato kamu, ɗauri da tsarewa.

Malamai sun bar wa yara ƙofar ajiye dabba, suna kafa hujja da hadisin Anas game da ƙaninsa Abu Umair da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi. Amma Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Sharaɗin ke nan, kuma cika shi ga kyanwa ko tattabara ya fi sauƙi ƙwarai a kan cika shi ga damo. Bari in ratsa kaɗan, tunda aikina kalmomi ne: dabbar da Larabawa ke kira dabbu, wadda Khalid bin Walid ya ci a gaban Annabi (SAW), an saba fassara ta da damo, amma ita ganye take ci kuma wutsiyarta mai ƙaya ce, dangin damo da guza kuwa waral ake ce musu da Larabci.

Sha'awar yaron ba tasa ba ce shi kaɗai. Ana kwasar 'ya'yan damo daga Ghana da Togo da Benin ana kaiwa Amurka da Turai domin masu ajiye su cikin akwatin gilashi, kuma cinikin yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973 mai kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, wadda Najeriya take cikinta. A can sau da yawa ɓeraye ake ɗura masa duk shekara, babu azumin rani, sai ƙiba ta kashe shi da wuri. Guzan da masu shi suka gaji da shi suka saki ya yaɗu a jihar Florida ta Amurka, yana ɓarna a inda ba ƙasarsa ba. Ka kuma sa yaron ya wanke hannu da sabulu, domin dabbobin wannan dangi suna ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke sa gudawa da zazzaɓi.

Wata baiwar Allah daga Ɗambatta ta tambayi ma'anar "albarkacin kaza ƙadangare ke shan ruwan kasko". Malama, ana faɗar haka ne idan mutum ya ci moriyar abin da aka tanadar wa wani saboda kusancinsa da shi. Na sa tambayarki a nan ne don ta dace da ta malamin Ringim. Ruwan na kaza ne, ita ake kiwo. Ƙadangare maƙwabci ne da ke saukowa daga katanga ya sha ya koma, ba a kore shi ba, ba a kuma ɗaure shi ba. Ko jan gwada, wato namijin nan mai jan kai da ke gyaɗa kai a kan rumbu yana nuna wa sauran maza cewa wurin nasa ne, a haka yara suka san shi sarai ba tare da keji ba.

Shawarata ga malamin ita ce ya sa yaron ya mai da ɗan damon daidai inda ya kamo shi, da hantsi, tun damina ba ta janye ba, domin ya sami lokacin tara kitsen da zai kai shi ƙarshen rani. Ya kwance igiyar a hankali, kada ya fizga, don takan ci fatar ƙugu.