Tambaya da Amsa: Hawan keke zuwa Mirriya washegarin Kirsimeti, da ƙwayar da aka tsinta a aljihu

TAMBAYA: Likita, ina gaisuwa. A gidanmu nan Damagaram, kowace Kirsimeti 'yan'uwa kan zo daga Maraɗi da Yamai, mu yanka rago da zabi, mu dafa shinkafa, mu kai wa maƙwabta. Bana samarin majami'armu da abokansu na unguwa sun shirya hawan keke zuwa Mirriya ran 26 ga wata, su je su dawo. Ɗana mai shekara 17 yana cikinsu. Shekaranjiya ina wanki na tsinci katin ƙwaya a aljihun wandonsa, an rubuta 225 a bayansa, biyu sun fita. Da na tsare shi sai ya ce maganin gajiya ne kawai, kowa zai sha kafin a hau keke, wai in ba haka ba ba za su kai ba. Tun ranar ban runtsa ba. In hana shi tafiyar? In kuma zai je, me zan ba su su ci, tunda za a kwana da abincin biki da yawa? Daga wata uwa, Damagaram.

AMSA: Mama, sannu da ƙoƙari, kuma kin yi daidai da ba ki mayar da katin aljihu kin yi shiru ba. Tafiyar ba ita ce abin tsoro ba. Daga nan zuwa Mirriya kilomita 18 ne ko kusa da haka, zuwa da dawowa 36. Saurayi mai lafiya, a kan keken da ba shi da matsala, zai yi zuwan cikin awa ɗaya da kwata ba tare da ya yi tsere da kowa ba. Abin da ya hana ki barci shi ne katin nan, kuma kina da gaskiya.

Ƙwayar da aka rubuta wa 225 a kasuwannin nan, ko dai tramol ce, ko 'yar'uwarta tapentadol da ake gaurayawa da wani maganin sake jiki. Duk 'yan gida ɗaya ne. A asibiti tramol ɗin da ake ba wanda aka yi wa aiki ko wanda ya karye miligiram 50 ne, iyaka 100 a sha ɗaya, kuma babban mutum ba ya wuce 400 a yini gaba ɗaya. Ke nan in tramol ce, ƙwaya ɗaya ta hannun ɗanki ta ninka ta asibiti fiye da sau huɗu, in ya haɗa biyu ya riga ya tsallake iyakar yini a haɗiya guda. Wannan ma in abin da aka rubuta a jiki gaskiya ne, domin kayan da ake tallatawa a tire, rana na dukansu daga safe zuwa yamma, ba wanda ya auna abin da ke cikinsu.

Maganar da na gaji da ji ita ce wannan ta "maganin gajiya". Ɗan kabu-kabu ya faɗe ta, mai tura kura ya faɗe ta, mai haƙar ƙasa ya faɗe ta, ga shi yanzu ta shigo cikin yaran makaranta masu hawan keke don nishaɗi. Tramol ba ta ƙara ƙarfi ko na ƙwayar gero. Ƙarfin ƙafa daga abinci yake fitowa, daga sukarin da jiki ya tara a tsoka da hanta, da ruwa, da iskar da huhu ke ja. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a cikin ƙwayar. Aikinta ɗaya, ta shiga tsakanin jiki da ƙwaƙwalwa ta danne saƙon ciwo. Cinya tana cewa na gaji, gwiwa tana cewa a sassauta, maƙoshi ya bushe, amma saƙon ba ya isa yadda ya kamata. Yaro sai ya ɗauka ƙarfi ya samu, alhali gajiyar tana nan tana taruwa, jin ta ne aka toshe masa.

A kan keke kuwa haɗarin ya fi na ko'ina. Ƙwayar takan fara aiki cikin awa guda, ta kai ƙololuwa wajen awa biyu zuwa uku. Wanda ya sha da ƙarfe bakwai a ƙofar gida, lokacin da za ta fi kama shi shi ne yana kan kwalta a hanyar dawowa, rana ta fara ɗagawa, ciki ya fara zama fayau. Jiri take kawowa, da gyangyaɗi, da tashin zuciya, da jinkirin kama birki. Ki ƙiyasta: mai gudun kilomita 20 a awa yana cin mita biyar da rabi a kowace daƙiƙa. Ido ya rufe na daƙiƙa biyu, ya tafi mita 11 bai san inda kan keken ya nufa ba. Hanyar Mirriya kuwa ita ce babbar hanyar ƙasa mai zuwa Gure da Diffa, manyan motoci ne a kanta da motocin fasinja, ga amalanke, ga dabbobi masu tsallakawa.

Abin da ya fi gyangyaɗin muni shi ne farfaɗiya. Tramol tana jefa mutum cikin jijjiga irin ta mai farfaɗiya ko da bai taɓa yi ba a rayuwarsa, ko da babu mai ita a danginsu. Yana faruwa har ga wanda ya sha daidai ƙa'ida, balle mai haɗiyar 225. Ba ta sallama. Mutum yana tuƙi lafiya, sai jiki ya sandare, ya kifa, kai ya bugi kwalta. Daga nan a ce iska ce ta taɓa shi, ko maƙiya sun yi jifa, a kwashe shi zuwa wurin mai tofi, abokan da suka san abin da aka sha kuma su yi gum don tsoron iyaye. Wannan shirun yana ba ni haushi ƙwarai, domin likitan da aka gaya wa gaskiya a ƙofa ya san abin da zai yi nan take, wanda aka ɓoye wa kuwa sai ya ɓata lokaci yana lalube.

Ga kuma lokacin biki. Wani zai jefa ta a kofin Nescafé, wani a lemon gwangwani mai sa kuzari, wani ya kwana ya sha giya. Giya da tramol in suka haɗu numfashi suke dannewa. Mutum ya kwanta, a ji yana minshari mai nauyi, a ce gajiya ce a bar shi ya huta, alhali numfashinsa ne ke raguwa. Kofi kuma ba ya karya ta, sai dai ya ɓoye gyangyaɗin na ɗan lokaci.

In ɗanki ya ce ai manyan 'yan tsere ma suna sha, ki gaya masa hukumar tseren keke ta duniya ta haramta tramol a gasa tun 1 ga Maris 2019, kuma dalilin da ta bayar shi ne lafiyar mahaya, saboda jiri da gyangyaɗin da ke jawo faɗuwa a cikin ayari. A 2022 an soke sakamakon Nairo Quintana, ɗan Kolombiya, wanda ya zo na shida a babban tseren Faransa, don an samu tramol a jininsa. Daga 1 ga Janairu 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta sa ta cikin haramtattu a lokacin gasa ga dukan wasanni. Mutanen da likitoci ke bin su a mota an hana su, sai yaranmu da ko hular kwano ba su da ita ne mai talla zai ce wa ba komai? Mai tiren nan bai san nauyin yaron ba, bai san ko yana shan wani magani ba, bai san karanta abin da ke jikin katin ba. Kuɗinsa ya karɓa ya ƙara gaba, kuma kowa yana ganinsa a tasha da bakin kasuwa tsakar rana.

Yanzu ga abin da zai kai su Mirriya da gaske. Daren Kirsimeti ya ci shinkafarsa ko taliya ya ƙoshi, wannan ne man gobe. Nama ya ci daidai, kada ya kwana da tumbi cike da soyayyen rago. Da safe, awa ɗaya da rabi zuwa biyu kafin tashi, kunu ko koko da burodi, ko fura ba mai yawa ba. Nama mai maiƙo yakan daɗe a ciki, wanda ya cika ciki da shi ya hau sirdi zai sha ciwon gefe da amai. A aljihu kowa ya riƙe dabino kamar bakwai zuwa goma, ko ayaba biyu, ya riƙa ci kaɗan-kaɗan bayan awa ta farko, kada ya jira ƙafa ta mutu.

Ruwa shi ne inda hunturu ke yaudarar mutane. Sanyin safe yana hana jin ƙishi, iskar kuma a bushe take ƙarau, gumi yana fita yana bushewa kafin a gan shi. Rabin lita kowace awa, wato lita ɗaya da rabi zuwa biyu ga kowane mutum a tafiyar duka, a kurɓa kowane minti 15 ko 20. In an so, a gora ɗaya ta lita a zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe bakin cokalin, kada a tula. Fitsari ya yi ja kamar shayi, ruwa ya yi kaɗan.

Abincin da ya kwana kuwa, ki kula da shinkafa fiye da nama. Dafaffiyar shinkafa in ta wuce awa biyu a ajiye da ɗumi-ɗumi cikin babbar tukunya ko kula, ƙwayoyin cuta sukan zuba guba a ciki, gubar da ɗumame ba ya kashewa. Wanda ya ci sai amai cikin awa ɗaya zuwa biyar, daidai suna tsakiyar hanya. Ki juye ta a faranti mai faɗi ta huce da wuri, ta shiga firiji. In wuta ta ɗauke ta kwana a waje, ki haƙura da ita. Salak mai mayonez da ƙwai kada ya bi su ko kusa. Soyayyen nama da ya bushe sosai, kilishi, cincin, gyaɗa, su ne 'yan tafiya.

Keken ma a duba shi tun ran 24, kafin masu gyara su yi wuya. Birkin gaba da na baya su kama kafin hannun birkin ya taɓa kan keken, robar birki in ta cinye a sauya. Taya ta sha iska sosai, a ɗiga wa sarƙa mai kaɗan a goge, domin mai da yawa ƙura yake tarawa. Sirdi a ɗaga shi yadda in feda ta sauka ƙasa gwiwa za ta kusa miƙewa. Yawancin ciwon gwiwar da yara ke neman ƙwaya dominsa daga gajeren sirdi yake. Ayarin su tafi da famfo ɗaya, kayan faci da tub na ajiya, ƙaya ba ta ƙarewa a gefen hanya. Su tashi bayan gari ya waye sarai, wajen bakwai da rabi, in hazo ya rufe har ba a hangen mota daga nesa su ɗage zuwa wata rana. Iskar hunturu daga gabas da arewa take busowa, saboda haka zuwan zai fi wuya, dawowar ta tura su. Su san da wannan kada su ƙone ƙarfinsu a farkon hanya. Layi ɗaya a hannun dama, riga mai haske, hular kwano ga duk wanda ya samu, babba ɗaya a kan babur a bayansu da waya mai caji.

Wannan babban a gaya masa: in wani ya faɗi yana jijjiga, a janye shi daga kwalta, a sa tsumma ƙarƙashin kai, kada a danne shi, kada a cusa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura ruwa ko madara. Jijjigar ta lafa a kwantar da shi ta gefe. A kai shi asibiti ko ya farfaɗo, a tafi da katin ƙwayar a nuna. Haka wanda aka kasa tayarwa daga barci, ko numfashinsa ya yi jinkiri, ko leɓensa ya canza launi.

Sauran maganar tsakaninki da ɗanki ce, Mama. Ramuka biyun nan da kika gani a katin su ne tambayar: shi ya sha, yaushe ya fara, sau nawa a mako. Ki zaunar da shi ke da babansa ko kawunsa, ba a gaban baƙi ba, ba da bulala ba, don duka ɓoyewa kawai yake koya wa yaro. In gwaji ne na sau ɗaya ko biyu, ki karɓe katin, ya yi alkawari, ya je tafiyarsa. In kuwa ya kai makonni yana sha kullum, bana ba zai hau ba, kuma kada a yanke masa ƙwayar kwatsam rana ɗaya: zufa, ciwon gaɓoɓi, zawo, rashin barci da firgici za su mayar da shi wurin mai tire cikin kwana biyu. Ki kai shi asibiti a tsara masa ragewa a hankali. Tunda kuma ya ce kowa zai sha, to ba ɗanki kaɗai ba ne. Ki sami shugaban matasa da fasto kafin ran 25, ki gaya musu abin da kika gani ba sai kin kama sunan kowa ba, su kuma su yi magana da iyayen abokan nan na unguwa, a tara yaran a faɗa musu kafin a tashi cewa duk wanda ya sha ba zai shiga ayari ba.