Yadda za a sami gidan haya a Legas wanda ba a yi wa ƙari kowace shekara

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina harkar albasa a kasuwar Mile 12, kuma ina zaune da iyalina a fulat mai ɗaki biyu da falo a Ketu. Bara na biya naira miliyan 1.2, bana mai gida ya ce sai miliyan 1.6, alhali bara ma ya yi ƙari. Daga cikin jari nake cire kuɗin nan. A wace unguwa zan sami gidan da ba a yawan yi wa ƙari?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya buɗa kasuwa. Damuwarka tana kan hanya, domin hayar da ake cirowa daga jari tana rage buhunan da za ka saro a kakar albasa. Sai dai a ganina mai gida ya kamata ka fara bincika kafin unguwa, saboda a layi ɗaya za ka tarar da bene biyu iri ɗaya, wannan ana yi masa ƙari duk shekara, wancan kuwa sai bayan shekara biyu ko uku.

Dalilin bambancin yana ga halin da mai ginin yake ciki. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, farashin siminti da rodi da dizal ya tashi, har hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024. Wanda ya yi gini a wannan tsakanin, ko ya ci bashin banki, ko ya karɓi filin wani ya gina bisa sharaɗin zai ci haya na wasu shekaru kafin ya mayar, dole ne ya matsa wa 'yan haya domin lokaci yake tsere da shi. Dattijon da ya gina gidansa shekara talatin da suka wuce, babu bashi a kansa, kuma yana zaune a hawa na ƙasa, sau da yawa ya fi son mutumin da zai biya a kan lokaci ba tare da rigima ba a kan sabon baƙo mai kuɗi da yawa. Irin wannan gidan za ka nema, ko da fentinsa ya koɗe. Ka yi hattara da gidan da aka sayar kwanan nan, da gidan gado da magada da yawa suke raba hayarsa, domin kowannensu yana son kasonsa ya ƙaru.

Dillali ba zai gaya maka wannan ba, tunda la'adarsa daga sabon ɗan haya take fitowa. Ka koma gidan da yamma kai kaɗai, ka gaisa da mazauna biyu ko uku, ka tambaye su shekara nawa suka yi, nawa suka biya da suka shigo, nawa suke biya yanzu. Idan ka ji masu shekara shida da takwas, alama ce mai kyau; idan duk sababbi ne, to akwai abin da ya kori na baya. 'Yan'uwanmu da suka daɗe a Agege da Idi Araba da Alaba Rago sun san masu gidaje da halinsu, kuma cigiya a masallaci bayan sallah takan kai mutum gidan da ba a taɓa tallata shi ba.

Game da unguwa, duk inda sabuwar hanya ko jirgin ƙasa ya isa, haya takan bi shi. Jirgin Red Line da ya fara jigila a 2024 daga Agbado zuwa Oyingbo yana tsayawa a Agege, don haka kada ka sa ran gidajen da ke kusa da tasha za su zauna a farashinsu. Wajen Ikorodu yakan fi sauƙi, ga motar bas ta BRT tana bi ta Mile 12, amma ka kiyayi kwarin Owode da Ajegunle na kan hanyar, inda kogin Ogun yake ambaliya idan an saki ruwan madatsar Oyan.

Kafin ka tashi kuma, ka yi lissafi. A ce ka sami gida a miliyan 1.3, idan dillali ya karɓi kashi 10, lauya mai rubuta yarjejeniya shi ma kashi 10, ga kuɗin ajiya na ɓarna da kuɗin motar kwasar kaya, shekarar farko za ta iya kai ka miliyan 1.7, wato sama da abin da kake gudu. Tashi ba zai yi maka riba ba sai in haya ta tsaya a shekara ta biyu da ta uku. Saboda haka ka nemi a rubuta a yarjejeniya cewa ba za a yi ƙari ba sai bayan shekara biyu, cewa ƙarin ba zai wuce wani kaso da kuka amince da shi ba, kuma za a sanar da kai a rubuce wata shida kafin lokacin. Ka sa a fayyace kuɗin ruwa da shara da mai gadi da janareta, domin wasu ta nan suke shigar da ƙarin, ka kuma tabbatar fulat ɗin yana da mitarsa ta wuta mai kati. Mai gidan da ya ƙi rubuta ko ɗaya daga cikin waɗannan ya nuna maka niyyarsa.

Kada ka manta doka tana ba ka ƙarfin ciniki da mai gidanka na yanzu. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta hana karɓar fiye da hayar shekara ɗaya a gaba, ta wajabta ba da rasit, ta kuma ce mai biyan haya shekara-shekara sai an ba shi notis na wata shida kafin a tashe shi, in dai yarjejeniya ba ta faɗi wani wa'adi dabam ba. Sashe na 37 ya ba ka damar roƙon kotu ta duba ko ƙarin ya wuce kima idan aka kwatanta da hayar unguwar, kuma ba za a fitar da kai ba muddin ana shari'ar. Dokar ba ta shafi Apapa da Ikoyi da Victoria Island da Ikeja GRA ba, amma Ketu tana ƙarƙashinta. Ba na so ka fara da kotu, domin zaman tare yakan lalace daga nan. Ka je wa mai gidan da rasitanka da farashin gidajen maƙwabta, ka yi masa tayin miliyan 1.4 bisa sharaɗin shekara biyu babu ƙari. Idan ya ƙi, cibiyar sulhu ta Citizens' Mediation Centre da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a ta jihar tana sasanta irin wannan rikici kyauta. In kuwa tashin ya zama dole, kada ka ba dillali ko kwabo sai ka tabbatar yana da rajista da LASRERA, hukumar da ke kula da harkar dillancin gidaje da filaye a jihar, kuma ka ga mai gidan ido da ido.