Ga mai koyon biyolin shi kaɗai, yana harin makarantar kiɗa a Jamus

Assalamu alaikum ƙanena. Na ga saƙonka. Ka ce kana koyon biyolin ta bidiyon YouTube, ba ka taɓa zama gaban malami ba, yanzu hannunka ya tsaya cik ba ya gaba, kuma burinka ka samu gurbi a makarantar kiɗa a nan Jamus. Bari in fara da batun hannun, don shi ne a ikonka yau.

Babban amfanin malami ido ne da kunne. Kai da kake gogawa, biyolin na manne a ƙarƙashin muƙamuƙinka, sautin da kake ji daban yake da wanda ke isa ga mutumin da ke zaune can gefe, kuma ba ka ganin hannunka na dama. Shi ya sa mai koyo shi kaɗai yakan shekara yana maimaita kuskure ɗaya har ya zame masa jiki. Saboda haka jingine wayarka daidai tsayin kafaɗarka, ka ɗauki kanka minti biyu, amma kada ka kalla nan take. Bari sai washegari, lokacin da ka manta abin da ka yi niyyar bugawa, za ka ji abin da ka buga a zahiri. Ba daɗi, na sani.

Abu na farko da za ka duba a bidiyon shi ne izga, wato sandar da kake goga tsirkiyoyi da ita. Ya kamata ta riƙa tafiya miƙe, daura da jaki, wato ɗan katakon da tsirkiyoyi suka hau kansa. Yawancin masu koyon kansu suna ja da kafaɗa, gwiwar hannu a sandare, sai ka ga bakin izgar ya karkace yana zamewa sama, sauti ya fito a shaƙe. Maganinsa gaban madubi: tsirkiya huɗun nan, G, D, A, E, ba tare da ka ɗora yatsa ba, ja a hankali daga gindin izga har ƙarshenta, kana ƙirga takwas da metronom, wato na'urar da ke buga lokaci, a kan bugu 60 a minti. Minti goma kullum. Aiki ne mai gundura, amma a nan sauti yake gyaruwa.

Sai daidaiton sauti, inda aka fi gane wanda ba shi da malami. Biyolin ba ta da alama a wuyanta irin na jita, kunnenka ne kawai. Kada ka zura wa manhajar daidaita sauti ido kana bin allurarta, idonka ne zai ƙware, kunne ya zauna a banza. Yi amfani da ita ka saita A a kan 440, ka ajiye. Biyolin da kanta za ta gaya maka gaskiya: ɗora yatsa na uku a kan tsirkiyar D, idan G ɗin ta zauna daidai za ka ga tsirkiyar G da ke kusa tana karkarwa ba wanda ya taɓa ta, sautin ya buɗe yana amo. Matsa yatsan kaɗan, amon ya mutu. Haka D a kan tsirkiyar A, haka A a kan tsirkiyar E. Da waɗannan ukun za ka gina sauran. Bibrato kuwa, wato kaɗa yatsa don sauti ya yi rawa, ka dakata da shi tukuna, na sha ganin samari suna lulluɓe sauti marar daidai da karkarwar yatsa.

Ka daina tsalle daga bidiyo zuwa bidiyo, ka kama tsari ɗaya. Darussa 60 na Wohlfahrt, sai 36 na Kayser, sai Mazas, can gaba 42 na Kreutzer. Duk suna IMSLP, shafin intanet na takardun kiɗa, kyauta. Kuma idan wuya ko wuyan hannu ya fara ciwo, ajiye. Galibi babban yatsan hagu ne ke matse wuyan biyolin, ko kafaɗa ta ɗaga. Ba juriya ake yi wa wannan ciwon ba.

To batun makaranta. Jamus na da manyan makarantun kiɗa na gwamnati 24, kuma ba takarda ce ke shigar da mutum ba, gwaji ne a gaban malamai. A ɓangaren biyolin yawanci za a nemi wani abu daga kiɗan Bach na biyolin zalla, da konsato na Mozart, wato kiɗan da biyolin ke jagora ƙungiyar makaɗa na raka ta, da wani babba irin na Bruch ko Mendelssohn. Ga jarrabawar kunne da ta ƙa'idojin kiɗa, ga piyano, ga shaidar Jamusanci. Waɗanda za ka tsaya layi da su, daga Koriya, Sin, Japan da nan Turai, da yawansu tun suna shekara biyar ko shida suke hannun malami. Ba zan ɓoye maka ba, wanda bai kai Kreutzer ba bai kamata ya kashe kuɗin jirgi don wannan gwajin ba.

Hanyar da nake ganin ta fi maka ita ce ka nemi gurbi a wani fannin da kake da takardunsa. Jami'o'i da yawa a nan suna da ƙungiyar makaɗa ta ɗalibai, kuma kusan kowane gari na da makarantar kiɗa ta jama'a da babba ma zai iya ɗaukar darasi. Kafin nan, ka nemi malami ta intanet ko da sau ɗaya a wata ne, ya duba riƙonka kawai. Idan kana son ma'auni, ABRSM, hukumar jarrabawar kiɗa ta Ingila, tun 2020 tana karɓar jarrabawa ta bidiyo. Takardar ba za ta maye gurbin gwajin Jamus ba, amma za ka ji hukuncin wanda ba ya jin nauyinka.

Turo min bidiyo gajere: sikel ɗin G, wato jeren sautuka daga G zuwa G, hawa biyu, a hankali, hannayenka duka biyu a cikin hoton. Zan gaya maka abin da na gani. Allah Ya taimaka.