Murjani Ƙashin Mushe Ne? Hukuncin Sanya Shi da Cinikinsa

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah Ya ƙara lafiya. Ni 'yar kasuwa ce a Kano, ina sayar da kayan adon mata, har da murjani. Akwai ma wani na gado da kakata ta bar wa mahaifiyata, ita kuma ta bar mini. Kwanaki 'yata da ke karatun ilimin halittu a jami'a ta gan shi a wuyana, sai ta ce, "Umma, kin san wannan ba dutse ba ne? Ƙashin wata dabbar teku ne." Tun ranar hankalina bai kwanta ba, domin a Islamiyya an karantar da mu cewa ƙashin mushe najasa ne. To Malam, yaya sallolin da na yi da shi a jikina? Cinikinsa halal ne? Kuma akwai zakka a kansa?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Hajiya, 'yarki ta yi gaskiya, malamin Islamiyyarku ma ya yi gaskiya. Kuskuren yana wurin haɗa maganganun biyu. Murjani mai tsarki ne, sallolinki sun inganta, babu wadda za ki rama, sayar da shi kuma halal ne. Amma tunda malamai sun ce hukunta abu reshe ne na fahimtarsa, bari mu fara sanin mene ne murjanin.

Jan murjanin da matanmu suka sani gidansa Bahar Rum, tekun da ke tsakanin Arewacin Afirka da Turai. Daga can fatake suka riƙa ratso Sahara da shi, sunan ma daga Larabci muka aro shi. A gaɓar Aljeriya akwai garin da a da Larabawa suke kira Marsal Kharaz, wato tashar duwatsun ado, saboda murjanin da ake fitarwa a wurin. Yau ana ce masa Alkala. In an ciro shi daga ruwa kamannin ƙaramar bishiya gare shi, mai rassa babu ganye, shi ya sa masana na da suka daɗe suna ajiye shi tsakanin dutse da tsiro. A shekarar 1706 wani Ba'italiye mai suna Marsili ya sa reshensa a ruwan teku, ya ga wasu fararen abubuwa sun buɗe a jikinsa, ya ce ai ga furensa nan. Bayan kimanin shekara 20 wani likita Bafaranshe, Pesonel, ya lura cewa furannin nan suna motsi, in an taɓa su sai su noƙe. Ashe 'yan ƙananan dabbobi ne, kowanne da baki a tsakiya da hannuwa 8 kewaye da bakin, yana cafko abincin da ruwa ya kawo. Dangi ɗaya suke da halittar nan mai siffar laima da ke yawo a teku tana harbin masu wanka, kuma su ma suna da ƙwayoyin harbi a hannuwansu. Ɗaruruwansu ke zaune a reshe guda, fata ɗaya ta haɗa su, suna tara sinadarin da ke cikin alli da ɓawon ƙwai a ƙarƙashinsu har ya zama sanda mai tauri. Wannan jar sandar ita ake fafewa, a goge, a huda, a zura a zare.

To dabba ce, kuma abin da ke wuyanki shi ne abin da ya tsaya mata matsayin ƙashi. Yanzu ina najasar?

Abin da aka karantar da ku yana nan a littattafanmu. Mai Risala ya ce ba a amfani da ƙahon mushe da kofatonsa da haƙoransa, har ya ambaci karhancin hauren giwa, Shaihu Halil kuma a littafinsa Muktasar ya lissafa ƙashi a cikin najasa. Sai dai duk wannan magana ce a kan dabbar tudu mai jini mai gudana. Shi Halil ɗin, a farkon faslin da ya jero abubuwa masu tsarki, da abu biyu ya buɗe: mushen abin da ba shi da jini, da mushen dabbar ruwa ko da tana daɗewa a tudu. Murjani ya shiga ta ƙofofin biyu, ba shi da jini, kuma bai taɓa rayuwa a wajen teku ba. Asalin wannan hukunci hadisin Abu Huraira ne da Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa, inda wani mutum ya tambayi Annabi (SAW) game da alwala da ruwan teku, sai ya ce teku ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Abin da mushensa ya halatta a ci, ta yaya ƙashinsa zai zama najasa? Babu wanda ya taɓa wanke tufafinsa don ƙayar kifi ta taɓa shi.

Sama da wannan, Allah Ya ambaci murjani da sunansa a wurin gori da ni'ima. A Suratur Rahman, aya ta 22, Ya ce lu'ulu'u da murjani suna fitowa daga tekuna biyu, a aya ta 58 kuma Ya kamanta matan Aljanna da yaƙutu da murjani. Gaskiya ne magabata sun saɓa a kan kalmar, wasu suka ce ƙananan lu'ulu'u ake nufi, wasu suka ce manya, an kuma ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud cewa jan dutsen ado ne, wato wannan namu. Ko da mun bar wannan saɓani, ayar Suratun Nahli ta 14 ta wadatar, inda Allah Ya ce Ya hore teku don ku ci ɗanyen nama daga gare shi, ku kuma fitar da kayan ado da kuke sanyawa. Lu'ulu'un ma ai daga cikin jikin kawa yake fitowa. Allah ba Ya yi wa bayinSa gori da najasa.

Aikin Musulmi ma shaida ne. Kakanninmu da suka yi hajjin ƙasa ta Sudan, da yawansu ta Sawakin suka tsallaka Bahar Maliya zuwa Jidda, kuma tsofaffin gidaje da masallatan garuruwan biyu da dutsen murjani aka gina su, irin farin nan da ake sara daga gaɓa. A Male, babban birnin Maldibs, tsohon masallacin Juma'a da aka gina a 1658 da shi aka yi bangonsa. Ƙarni bayan ƙarni malamai suna salla a ciki.

Zakka kuwa, wanda kike sawa da na gadon babu komai a kansu, komai tsadarsu, domin zakkar ado a zinariya da azurfa ake maganarta. Malik ya faɗa a Muwaɗɗa cewa babu zakka a lu'ulu'u da almiski da ambar, murjani kuma hukuncinsu ɗaya. In wata rana kika sayar da na gadon, sai kuɗin ya shekara a hannunki kuma ya kai nisabi sannan zakka ta hau shi. An ruwaito daga Hasanul Basri da Abu Yusuf cewa wanda ya fitar da ado daga teku zai ba da humusi, wato kashi ɗaya cikin biyar, amma mafi yawan malamai ba su tafi a kan haka ba, kuma wannan zancen mai nutso ne, bai shafe ki ba. Na shago shi ne kayan kasuwanci. Tunda kullum kina saye kina sayarwa, idan shekararki ta zagayo sai ki yi masa ƙima da farashin ranar, ki haɗa da sauran haja da kuɗin hannu, in ya kai ƙimar giram 85 na zinariya ki fitar da 2.5 cikin 100.

Akwai abin da ba ki tambaya ba, ni kuwa a ganina ya fi zancen najasa nauyi. Jan murjani a ƙa'ida kaurinsa ba ya ƙaruwa da ko milimita 1 a shekara. Ƙwayar da ta kai girman gujiya a cikin abin wuyan kakarki, reshen da aka yanko ta ya yi shekaru gommai yana girma a cikin duhun wani kogo a ƙarƙashin ruwa. A da masunta katako suke haɗawa gicciye, su ɗaura masa nauyi da tsummokaran taru, su ja shi a ƙasan teku yana kakkarya duk abin da ya tarar, kaɗan ya maƙale a taru, saura ya zube ya mutu a banza. Tarayyar Turai ta hana wannan a 1994. Daga baya hukumar kamun kifi ta ƙasashen Bahar Rum ta hana cire shi a zurfin da bai kai mita 50 ba, ta kuma hana yanke wanda kaurin gindinsa bai kai milimita 7 ba. Irin wannan doka ta maslaha ce, bin ta wajibi ne a shari'a, domin Allah Ya hana ɓarna a bayan ƙasa, kuma a Suratur Rum, aya ta 41, Ya ambaci teku tare da tudu a wurin bayyanar ɓarna. Halaccin fitar da ado bai zama izinin ƙarar da shi ba. Saboda haka in kin san dillali kayan sata ko na fasa-ƙwauri yake kawowa, bai halatta ki saya ba. In ba ki sani ba, ba a ɗora miki binciken asalin kowace ƙwaya ba.

Danginsa masu gina tsaunuka a ruwan ɗumi, irin na Bahar Maliya da wanda ya miƙe kimanin kilomita 2,300 a gaɓar Ostireliya, nasu halin ya fi tsanani. Su a cikin naman jikinsu akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, tana haɗa musu mafi yawan abincinsu da hasken rana, ita ce kuma ke ba su launi. Da zarar zafin ruwa ya haura abin da suka saba da digiri 1 kacal na 'yan makonni, sai su fitar da ita, su yi fari fat, in abin ya daɗe yunwa ta kashe su. An ga haka a faɗin duniya a 1998, aka sake gani a 2010, da tsakanin 2014 da 2017, da kuma daga 2023. Wuraren nan ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan rubu'in nau'o'in halittun teku a nan suke samun mafaka. Don haka ina ba alhazanmu shawara, in an yi musu tallar farin reshen murjani na ajiye wa a falo, su bar shi. Yawancin irinsa ma sai da takardar izini ake tsallaka iyaka da shi.

Sai batun algus, wanda ya fi kusa da shagonki. Mafi yawan abin da ake kira murjani a kasuwa yau gilashi ne, ko roba, ko wani farin murjani mai araha da aka rina. Ɗiga ruwan lemon tsami a gefen hudar ƙwaya ɗaya: gilashi da roba ba za su yi komai ba, murjani kuwa zai ɗan yi ƙananan kumfa, sai ki yi maza ki wanke don tsami yana cin sa. Rinanne shi ma zai yi kumfar, don haka sai a goga masa auduga da maganin goge jan farce, in audugar ta yi ja to rini ne. Sayar da na roba halal ne in an ce na roba ne. Amma a karɓi kuɗin na asali a kan rinanne, musamman ga masu haɗa lefe da ba su san kan abin ba, wannan ya shiga hadisin da Muslim ya ruwaito, cewa wanda ya yi algus ba ya tare da mu, kuma mai saye yana da haƙƙin mayar da kaya.

Wasu kuma suna ɗaura wa jariri ƙwayar murjani a hannu wai tana kare kambun baka. Wannan ba shi da asali a shari'a, yana cikin rataye-ratayen da aka hana. In mai saye ta faɗa miki don haka take so, ki yi mata nasiha cikin taushi. In don ado ne, ki ɗaura wa jikarki ma in Allah Ya kawo.

Ki gaishe mini da 'yar taki, Allah Ya yi wa karatunta albarka.

Wallahu a'alam.