Kar ka yarda littafi ya kwana a kabad ɗin ofis

Kai yaron nan da ka turo min tambaya, wai kana shekarar ƙarshe a kwalejin horon malamai, burinka yara su so karatu kamar yadda wani malaminka ya sa ka so shi, ta ina za ka fara. Wallahi da share ka zan yi kamar sauran, don yawancinku albashin farko na shigowa buri ya bi ruwa, amma da ka ce kana so ka haɗa ɗan laburare a cikin aji sai ka fama min tsohon miki.

Shekara 9 na yi ina tara littattafan labarai da kuɗin aljihuna, guda 163, na san adadin don ni na bi kowanne na sa masa lamba da jan biro. Rabinsu tsofaffi ne bango ya fita, da zare da allura na ɗinke na manna musu kwali. A akwatin ƙarfe suke a bayan aji, ba kwaɗo ba komai, mai so ya ɗauka. Akwai wani yaro a bencin ƙarshe da duk malamai sun gama yanke masa hukuncin daƙiƙi ne, ran nan lokacin tara na leƙo na same shi shi kaɗai, yatsa a kan layi leɓe na motsi, bai ma san na shigo ba.

Sai mai makarantar ya kira ni, wai sufetoci za su zo, in ara masa littattafan a jera a kabad mai gilashi a ofishinsa, kwana uku kacal. Ni da shegen zurfin ciki da jin nauyi na kwashe na kai masa da hannuna, ba rubutu ba shaida. Sufetoci suka zo suka yaba, suka rubuta makaranta tana da laburare. To kwana uku ya koma zango guda, makulli na aljihunsa, in na yi magana ya ce haba malam yaran nan yagawa za su yi, ashe iyaye masu kawo sababbin ɗalibai yake nuna wa. Muka tafi dogon hutu muka dawo, daga waje ka ga littattafai a jere tsaf gwanin sha'awa, na sa hannu na zaro ɗaya sai ƙasa ta zubo min a tafi. Gara ta shiga ta bayan katako ta cinye ciki ta bar bango. Guda 21 suka tsira. Ko sannu bai ce min ba, cewa ya yi ma tsummokaran littattafaina ne suka jawo masa gara a kabad. Yaron bencin ƙarshe sau uku yana tambayata ina littafin nan da bai ƙarasa ba, har yau in na tuna sai abu ya tokare ni a wuya.

Don haka in ka tara naka, ko hedimasta ne ya ce aro, ka ce ya zo aji ya zauna ya karanta. Su yage ɗin, su sa musu miyau da dattin hannu, ka ɗinke.

Zancen sautin baƙi da wasali da rubuta tsarin darasi kuwa ba zan ɓata yawuna ba, in ba a koya maka ba je ka karɓo kuɗin makarantarka. Abin da ba za su gaya maka ba shi ne ka riƙa karanta musu da babbar murya kullum, minti 10 ya isa, kana sauya murya, in labari ya kai inda kowa ya yi tsit sai ka rufe littafin ka ajiye a tebur ka fita. Kar ka waiwaya. Kar kuma ka biyo su da tambayoyi biyar kamar jarrabawa, kar ka taɓa cewa mai surutu ya tashi ya karanta shafi a matsayin horo. Ka fara da harshen da yaro yake faɗa da shi in an taɓa shi, tun 1953 UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta faɗi wannan, amma har yanzu ana sa yara rera abin da ba su san ma'anarsa ba ana cewa sun iya.

Ku kuma samarin yanzu, malami na zaune a aji kai a sunkuye yana latsa waya, sai 23 ga Afrilu ranar littafi ta duniya ta zo a dannawa yara littafi a hannu a ɗauki hoto a sa a Facebook, a karɓe. Yaro ba wawa ba ne, yana kallon abin da ke hannunka.

Kafin ka sake turo min wata tambaya, gaya min littafin ƙarshe da ka karanta har bangon baya wanda ba na jarrabawa ba ne, da kuma yaushe.