Sarkin Ingila ba ya sa wa dila farashi

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni 'yar kasuwa ce a kasuwar Kantamanto ta Akra, gidana yana unguwar Nima. Shekara 11 ke nan ina sayar da gwanjo, mu huɗu muke haɗa kuɗi mu ɗauko kwantena daga Ingila. Gobarar farkon shekarar nan ta 2025 ta cinye rumfata, amma Allah ya sa mafi yawan kayana suna ajiye a wani wuri. Yanzu mutumin da ke turo mana kaya ya ce daga watan Afrilu zai ƙara kashi 15 cikin ɗari a kan kowace dila, wai sabuwar gwamnatinsu ta ƙara haraji. Ya ce in muka biya kuɗin kwantena biyu kafin ƙarshen Maris zai bar mana a tsohon farashi. Kuɗin ɗaya kawai gare mu, na biyun sai dai mu ci bashi. Gaskiya yake faɗa kuwa? Kuma ƙasar da ke da sarki, shi sarkin ba zai tsawata wa gwamnati ba ne?

Amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Ya muka ji da wannan rashi? Allah ya mayar da mafificin alheri, ya kiyaye gaba. Na bi ta Kantamanto kwana uku bayan gobarar, na ga mata suna tonon toka suna tsinto ƙarafan keken ɗinki, kafintoci kuma har sun fara kafa sababbin katakai a kan ƙasar da ba ta gama hucewa ba. Wanda ya ga wannan ba zai ba ki shawarar wasa da kuɗi ba.

Bari in fara da maganar sarki, don ita ce ta fi sauƙi. Mu nan mun saba da sarautar da ke da baki a cikin harkokin gari. Masarautar Ga takan hana kiɗa da hayaniya na wata guda kafin bikin Homowo, kuma kowa ya bi. A Kumasi in sarkin Asante, Otumfuo Osei Tutu II, ya yi magana a kan fili, magana ta ƙare. To Sarki Charles ba haka sarautarsa take ba. Shi ne shugaban ƙasa, hotonsa ne a jikin sabon kuɗi, amma ko kwabo ba ya iya ƙarawa ko ragewa a haraji. Da jam'iyyar Leba ta ci zaɓe ranar 4 ga Yuli 2024, da kujeru sama da 400 cikin 650, washegari ya kira Keir Starmer fada ya ce ya kafa gwamnati, don shi ne mai rinjaye. Ranar 17 ga Yuli ya sa kambi ya zauna a majalisar dattawa ya karanta jerin dokoki kusan 40 da gwamnatin ke son yi. Duk abin da ya karanta ministoci ne suka rubuta masa. Da wata jam'iyya ce ta ci, da akasinsa zai karanta, da murya iri ɗaya. Rabon da wani mai sarautar ƙasar ya ƙi sa hannu a dokar da majalisa ta zartar tun 1708 ne, zamanin Sarauniya Anne. Mu ma mun taɓa wannan tsari, daga 1957 zuwa 1 ga Yuli 1960: Sarauniya Elizabeth ce shugabar Gana a takarda, amma ki tambayi tsofaffin Nima wa ke mulki, za su ce miki Nkrumah.

Saboda haka ki cire sarki daga lissafinki. Wadda ya kamata ki san sunanta ita ce Rachel Reeves, wadda Starmer ya naɗa ministar kuɗi a 2024.

Gwamnatin nan ta zo da dogon buri: bunƙasa tattalin arziki, gyara asibitoci, gina gidaje miliyan ɗaya da rabi, lantarki mara hayaƙi. Kowace sabuwar gwamnati da irin wannan take zuwa. Amma abin da take sa wa gaba na haƙiƙa ba a jawabi ake ganinsa ba, a kasafin kuɗinta na farko ake gani, don nan ne take nuna aljihun wa za ta sa hannu. Reeves ta ce ta tarar da giɓin fam biliyan 22 a asusu. Jam'iyyarta kuwa ta riga ta yi alkawari lokacin yaƙin zaɓe cewa ba za ta ƙara harajin albashi ko VAT a kan ma'aikata ba. To ina za a samo kuɗin? Sai aka juya kan masu ɗaukar ma'aikata. A kasafin 30 ga Oktoba 2024 an ƙara haraji na kimanin fam biliyan 40, kuma kaso mafi tsoka ya fito ne daga kuɗin inshorar ƙasa da kamfani ke biya a kan kowane ma'aikaci. Daga Afrilun 2025 zai tashi daga kashi 13.8 zuwa 15, sannan za a fara caji daga fam 5,000 na albashin shekara maimakon fam 9,100. A daidai lokacin kuma mafi ƙarancin albashi zai tashi daga fam 11.44 zuwa fam 12.21 a awa.

Ke nan mutumin naku bai yi ƙarya ba. Aikin gwanjo aikin hannu ne. Mutane ne ke tsayawa gaban tebur suna ware riga daga wando, mai kyau daga yagagge, kafin inji ya matse dila, kuma irin wannan aiki galibi mafi ƙarancin albashi ake biya a kansa. Amma gaskiyar tasa ba ta kai kashi 15 ba. Na zauna na buga lissafin. Ma'aikacin da ke awa 37 da rabi a mako, albashinsa zai ƙaru da kusan fam 1,500 a shekara, kuɗin inshorar da ake biya a kansa kuma da kusan fam 1,000. Wato wanda yake cin wa kamfani fam 24,100 zai koma cin kusan 26,600, ƙarin kashi 10 ke nan. Kuma wannan a kan kuɗin ma'aikata ne kaɗai. Hayar sito ba ta cikin wannan, sayen kayan daga ƙungiyoyin agaji ba ya ciki, man mota ba ya ciki. Ko da a ce rabin kuɗin dila na ma'aikata ne, ƙarin da ya dace bai wuce kashi 5 ba. Ban da haka, a kasafin nan dai an ɗaga rangwamen da ake yi wa masu ɗaukar ma'aikata daga fam 5,000 zuwa 10,500, wanda ƙaramin kamfani zai ji daɗinsa sosai. Wannan bai faɗa muku ba, ko? Ɗan kasuwa ne kamarki, ya ga inuwa ya raɓa. Ke ma in kuɗin mota ya tashi da sidi biyu ai ba sidi biyu kike ƙarawa ba.

Yanzu ga maganar bashi, kuma a nan nake so ki nutsu.

Babban Bankin Ingila ya rage kuɗin ruwansa zuwa kashi 4.5 a farkon Fabrairun 2025. Namu na Gana a lokacin yana kan 27, kuma kafin bashi ya iso hannun ɗan kasuwa ya kai 30 ko ya haura. Masu ba da ƙananan rance na cikin kasuwa kuwa a wata suke lissafa nasu, ba a shekara ba. Mu ɗauka kin dace da kashi 30, wato biyu da rabi kowane wata. Kwantena ta biyu ba za a taɓa ta ba sai ta farko ta ƙare, kuma ku dillalai bashi kuke bayarwa, mai rumfa ta ɗauki dila ranar Laraba ta kawo kuɗi sannu-sannu. Kafin kuɗin kwantena ta biyu ya dawo hannunku a yi wata biyar. Kashi 12 da rabi ya tafi. Sannan ki lura da wani abu: rangwamen da ya yi muku a kan farashin kaya ne kawai, bashin kuwa sai ya haɗa da kuɗin jirgi da na kwastan da na ejan da na mota daga tashar jirgin ruwa ta Tema. Kwantena ba ta jiran mutum a tashar jirgi, in kwanakin alfarma suka cika kullum caji ake yi. Kin ga an ba ki da hannun dama, banki ya karɓe da hagu har da ƙari. Ban ma taɓo hukuncin kuɗin ruwa a addini ba, wannan ke da malaminki kun fi ni sani. Lissafin ma kaɗai ya isa.

Akwai kuma abin da ke cikin dilar. Kin fi ni sanin lokacin da ake yanke wayar dila da asuba, mata sun kewaye, kowa idonta a kan zaɓin farko, mai dila kuma gabanta na faɗuwa don ba ta san ko riguna masu kyau za su zubo ko tsumma ba. Wanda aka biya shi kuɗin kwantena biyu a dunƙule, aka kuma ce ya cika su cikin gaggawa a ƙarshen hunturu, me kike tsammani zai cusa? Kuɗinki na hannunsa, bakinki ya mutu. Kuma kayan ba za su riski kasuwar ƙaramar Salla ba, azumi ya riga ya ƙarato. Za su iso ne a bakin damina, ga kasuwa ba ta gama tashi ba, da yawa daga masu sayen dila a hannunku jarinsu ya ƙone. Wa zai saya, kuma a ina za a jibge su?

Abin da ya fi ba ni tsoro a harkarki ba a Landan yake ba. Ki tuna 2022. Ranar 23 ga Satumba ministan kuɗin Birtaniya na lokacin, Kwasi Kwarteng, wanda iyayensa 'yan nan Gana ne, ya sanar da rage haraji na kusan fam biliyan 45 ba tare da ya faɗi inda za a cike gurbin ba. Masu ba gwamnati rance suka firgita, fam ya faɗi har ya kusa yin kunnen doki da dala, abin da ba a taɓa gani ba. Sarki Charles yana sati biyu a kan gado, bai ce uffan ba, kuma ba huruminsa ba ne ya ce. Kasuwa ce ta yi hukunci: aka sallami Kwarteng bayan kwana 38, Firaminista Liz Truss ta bi bayansa da kwana 49 a ofis. Wannan abin ne ya sa gwamnatin Starmer ta gwammace ta sha zagi a kan haraji da ta tsorata masu ba ta bashi. A ganina ta yi daidai a jerin abin da ta fara da shi, ko da yake ta ɗora nauyin a kan masu ɗaukar ƙananan ma'aikata, su da ba su da kitsen ɗauka. To amma ke da kike Akra, kin ga arahar kayan Ingila a wancan lokacin? Ko kaɗan. Fam yana faɗuwa, sidi yana faɗuwa fiye da shi. Dalar da ta fara shekarar a kusan sidi 6 ta haura 13 kafin ƙarshen Nuwamba, 'yan GUTA, ƙungiyar 'yan kasuwar Gana, suka rufe shaguna a watan Oktoba, hauhawar farashi ta kai kashi 54 a Disamba. Wani ɗan'uwana mai kayan gyaran mota a Abossey Okai ya sayar da kaya da riba a takarda, da ya je sayen dala ya tarar kuɗin ba zai dawo da rabin abin da ya sayar ba.

Sabuwar gwamnatin da ta fi shafar dilarki ita ce wadda aka rantsar ranar 7 ga Janairu 2025 a nan gida. Shugaba Mahama ya yi alkawarin soke E-Levy, wato harajin tura kuɗi ta waya, da harajin korona, da duba cajin da ake yi a tashar jirgi. Ministan kuɗi Ato Forson zai kai kasafinsa na farko majalisa a watan Maris 2025, yana kuma ɗaure da yarjejeniyar dala biliyan 3 da aka ƙulla da IMF a 2023. Kwastan da farashin canji suke lissafa kuɗin fito, don haka duk motsin sidi sau biyu yake taɓa ki, wajen biyan Ingila da wajen fitar da kaya. In sidi ya ƙara lalacewa, wanda ya tara kaya ya ci. In ya farfaɗo, wanda ya tara kaya da bashi zai zauna da dila mai tsada maƙwabcinsa yana sayar da mai araha. Wannan caca ce, kuma ba a yin ta da kuɗin mutane wata biyu bayan gobara.

Ga abin da zan yi da ni ne ke. Ku biya kwantena ɗayar da kuke da kuɗinta yanzu, a tsohon farashi, tunda har yanzu Afrilu bai yi ba kuma babu dalilin da zai hana. Ku biya ta banki, da takardar farashi mai ɗauke da nauyi da nau'in kowace dila. Sannan ku rubuta masa, ku huɗun da murya ɗaya, ku ce kun san ƙarin da aka yi kuma kun yarda da kashi 5 ko 6, da sharaɗin farashin ya tsaya haka har kwantena uku masu zuwa. Mai shekara 11 yana cinikinku ba zai so ya rasa ku a kan kashi 9 ba. Kafin ku aika, ku nemi farashi daga mutum biyu, ɗaya a Ingila ɗaya a wata ƙasa, ko Kanada ko Koriya, don ya san kuna da wata ƙofa. Kanada ma, abin dariya, Charles ɗin nan dai shi ne sarkinsu, amma kasafinsu daban.

Kuɗin adashinki kuma kada ki zuba shi a kaya. Ki gyara rumfa, ki raba ajiya wuri biyu kamar yadda Allah ya taimake ki wannan karon, ki je ki tambayi kamfanin inshora nawa za su karɓa a kan kayan sito, akwai masu tsarin takaful in shi kika fi natsuwa da shi. Ranar da Forson zai karanta kasafi ki sa yaro ya kunna miki rediyo, ki saurari abu biyu: cajin tashar Tema da harajin shigo da kaya. In kin ji, ki sake rubuto mini da farashin da mutumin ya amsa, mu buga lissafin kwantena ta gaba.